Amsa ga 'yar uwar da fitsari ke kuɓuce mata

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki idona ya ciko, kin ce fitsari na kuɓuce miki in kin yi tari ko kin yunƙura za ki tashi, kina so ki ji ko atisayen matse gaba ɗin nan na Kegel zai yi wa mai ciwonmu na lalacewar tsoka (muscular dystrophy) amfani ko ƙara kashe tsokar zai yi. Nima haka na yi fama, nawa ciwon irin mai kama tsokar ƙugu da kafaɗa ne. Atisayen ya yi min amfani sosai, amma ba yadda ake koya wa masu lafiya ba.

A kwance za ki fara, rigingine, a sa miki filo ƙarƙashin gwiwa, don a haka nauyin ciki ba ya danne wurin. Ki matse kamar mai riƙe tusa a cikin mutane ki ja shi sama, ɗuwawu da cinya kada su motsa, kuma kada ki riƙe numfashi. Sakan biyu ko uku ki saki, ki huta sosai kafin ki sake. Masu lafiya ana ce musu matsa takwas sau uku a rana har wata uku kafin a ga canji, ni kam mai fisiyo, wato ma'aikaciyar asibiti mai gashi da motsa gaɓoɓi, rage min ta yi, don tsokarmu in ta gaji da safe to da yamma zubar ta fi yawa. In naki mayotonik ne, wato irin wanda tsoka ke jinkirin saki bayan an matse, ki fi kula da sakin, kin san yadda hannu ke maƙalewa. Kuma don Allah kada ki riƙa tsayar da fitsari a tsakiya da sunan atisaye, saura yake bari a mara ya jawo infekshin. Abin da ya fi taimakona shi ne in matse kafin tarin ya fito, ko kafin in dafa in miƙe.

Ni abin da har yau yake ci min rai ranar wani suna ne a dangin maigidana. Tabarma aka shimfiɗa mana, ba kujera, na ji kunyar in roƙa na zauna a ƙasa, kin san mu in muka kai ƙasa sai an ɗaga. Fitsari ya matse ni ina ta yafuto 'yata tana can wajen rabon abinci ba ta gani ba, da na dafa bango na yunƙura shi ke nan ya zubo, leshi ne fari a jikina. Ƙanwar mijina tana tsaye a kaina, maimakon ta yafa min mayafinta sai ta ɗaga murya wai a naɗe tabarmar nan kada a yi salla a kai, ai dama yoyon fitsari gare ta ana ɓoyewa. A gaban surukaina da yara da baƙi. Yarinyar da na yi wa kitso da hannuna tun tana firamare, lokacin hannun na ɗaguwa. Wata tsohuwa da ban ma sani ba ita ta rufe ni ta kama ni zuwa ɗaki, Allah ya saka mata. Ita kuwa waccan har yau ba ta ce min yi haƙuri ba, muna gaisawa dai.

To rabin matsalarmu ba mafitsara ba ce, tashin ne da isa banɗaki a kan lokaci, wannan kuma atisaye ba ya maganinsa. Ki samu kujera mai fo ki ajiye gefen gado, in banɗakinku na tsuguno ne kafinta zai iya haɗa miki kujera mai rami da abin dafawa. Ki riƙa zuwa duk bayan awa biyu tun bai matse ki ba, zani ya fi siket saurin kwancewa. Kada ki rage shan ruwa, fitsari in ya yi kauri ƙara tsikarar mafitsara yake, shayi da goro da kofi su za ki rage. Ki kula da bayan gida kada ya yi tauri, nishi yana ƙara sassauta wurin, kuɓewa da zogale da gwanda suna taimakawa.

Maganar alwala kuma ki tambayi malamarku, akwai rangwame ga mai wannan larurar, kada ki bar salla a kanta. In akwai zafi ko wari ko zazzaɓi a fara gwada fitsarin tukuna. In aka ce za a yi miki aiki ki tabbatar mai ba da allurar barci ya san ciwonki, wasu magungunan barcin na da haɗari a gare mu.

Ki faɗa min naki wane iri ne, kuma kin haihu ko ba ki haihu ba, sai in turo miki yadda mai fisiyo ta tsara min. Allah ya ba mu lafiya.