Amsa Ga Ɗan Ƙanwata Kan Gidan Da Ake Jiran Gadonsa A Dokar Ingila

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da karatu. Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Ka ce a darasin dokar filaye kun ci karo da wata tsohuwar al'adar mutanen Ingila da ta ɗaure maka kai: mutum ya rubuta cewa gidansa na matarsa ne muddin tana raye, in ta rasu ya zama na ɗansa, bayan ɗan kuma na jikan da ko cikinsa ba a ɗauka ba. Kana tambaya ko ɗan nan yana da wani abu a hannu yau, ko kuwa alkawari ne kawai. Sannan ka ƙara da cewa, da wane dalili doka za ta bar wanda ke kabari ya ci gaba da juya masu rai? Na ji daɗin tambayar, don ta taɓo inda na daɗe ina tunani.

Sai mun koma tushe. Tun da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙa'idar ita ce ƙasa duka ta sarki ce, kowa daga hannunsa yake riƙe da ita. Saboda haka abin da mutum ke mallaka a dokarsu shi ne tsawon lokacin da zai riƙe filin. Daga nan lauyoyinsu suka gane cewa kamar yadda ake ja igiya a raba gona gabas da yamma, haka ake iya raba ta da lokaci: wannan ya ci yau, wancan ya ci gobe, gonar kuwa tana nan ɗaya. Mafi tsawo ita ce mallakar dindindin, wadda za ka iya sayarwa, ka bayar, ko magadanka su gada. Ƙasa da ita akwai mallakar iya rai, wadda ke ƙarewa ranar da aka binne mai ita. To idan mai dindindin ya yanko iya rai ya ba matarsa, dole sauran lokacin ya kasance a hannun wani. In ya riƙe wa kansa da magadansa, sai a ce yana da haƙƙin dawowa. In kuma a takardar nan ɗaya ya ce bayan matar sai ɗansa, ɗan ya samu abin da za mu kira ragowa.

Amsar tambayarka ta farko ke nan: ɗan yana da dukiya yau ɗin nan. Shiga gidan kaɗai aka jinkirta masa. Zai iya sayar da ragowarsa, zai iya ba da ita jingina, kuma in ya riga mahaifiyarsa rasuwa, magadansa ne za su shiga gidan idan lokaci ya yi. Mai saye shekarun uwar zai fara dubawa, don ragowar da ke bayan mace 'yar shekara 40 ba ta kai darajar wadda ke bayan tsohuwa 'yar 85 ba. Amma ka kula da kalmomin takardar. In aka rubuta "ga ɗana idan ya kai shekara 21", ko "idan ya rayu bayan mahaifiyarsa", an rataye rabonsa a kan sharaɗi, kuma in ya rasu kafin sharaɗin ya cika, ba abin da zai bar wa kowa. Kalmar "idan" guda ɗaya ta sha raba dangi da gida.

Shaidar da ta fi gamsar da ni cewa mai jira yana da haƙƙi na gaske ita ce shari'ar fadar Raby, a arewacin Ingila, wadda aka yanke a 1716. Lokacin auren ɗansa, Lord Barnard ya rubuta cewa fadar tasa ce iya ransa, bayansa ta ɗan ce. Daga baya suka ɓata. Sai uban ya tara ma'aikata 200, cikin 'yan kwanaki suka kware dalmar rufin, suka ciccire ƙarafa da gilasai da ƙofofi da katakai, ɓarnar da aka ƙiyasta ta kai fam 3,000. Ka hango ɗan yana tsaye yana kallon gidan da zai gada ana mai da shi kango, ruwan sama zai riƙa zuba cikin ɗakuna. A takardar har an rubuta cewa ba za a tuhumi uban da ɓarna ba. Duk da haka kotun Chansila, wadda ke duba adalci idan zahirin doka ya gaza, ta hana shi ci gaba, ta kuma sa a gyara fadar da kuɗinsa. Mai iya rai yana da damar zama, ya noma, ya karɓi kuɗin haya, amma ba shi da damar cinye rabon na bayansa.

Har zuwa nan ni ban ga aibu ba. Mutumin da ke tsoron kada a kori matarsa daga ɗakinta bayan ransa, yana kuma son gidan ya tsaya a hannun 'ya'yansa, wannan hanya ta share masa hawaye, kuma duk mutanen da abin ya shafa ya san su ido da ido.

Inda raina ba ya kwanciya shi ne tambayarka ta biyu. A 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, manyan masu ƙasa suka samu dokar da ake kira De Donis, wadda ta ba su damar ɗaure fili ga mutum da zuriyar da ta fito daga tsatsonsa, ɗa bayan ɗa. Wanda ke kan filin ba zai iya sayar da abin da ya wuce ransa ba, komai bashin da ya yi masa katutu. Babban ɗa ke ɗauka, kuma sau da yawa akan rubuta maza zalla, ta yadda mutum zai rasu ya bar 'ya'ya mata, wani ɗan'uwa na nesa da ba su taɓa gani ba ya zo ya karɓi makullin gidan da aka haife su.

Da abin ya ishi mutane, lauyoyi suka ɓullo da wata dabara wadda shari'ar Taltarum ta 1472 ta shahara da ita. Mai filin zai shirya da abokinsa ya kai shi ƙara cewa filin nasa ne. A kotu sai ya kira wani na uku ya ce shi ya ba shi tabbacin filin, yawanci sanƙiran kotu ne wanda bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. Sanƙiran zai amsa, sannan ya sulale. Kotu sai ta ba abokin filin, ta ce sanƙira ya biya mai filin da zuriyarsa da wani makamancinsa, abin da kowa ya san ba zai yiwu ba. Abokin kuma ya mayar da filin a matsayin mallakar dindindin. Alƙalai sun san shiri ne, suka kau da kai, don su ma sun ga illar ɗaure ƙasa. Sai a 1833 majalisa ta soke wannan wasan, ta ce takarda kawai ta isa a kwance ɗaurin.

Masu dukiya ba su haƙura ba, suka koma jera sharuɗɗa masu nisa. Wannan ya haifar da dokar hana ɗaure dukiya har abada, wadda ta samo asali daga shari'ar Duke na Norfolk a 1682, daga baya ta zauna a kan ma'auni ɗaya: dole a san tabbataccen mai rabo cikin rayuwar wani da ke raye lokacin kyautar, da ƙarin shekara 21. Hikimar nan ta burge ni. Mutum ya san 'ya'yansa da jikokin da ya gani, ya san mai hankali da almubazzari, sai a bar shi ya tsara musu, har 'ya'yansu su girma. Wanda za a haifa bayan shekara 100 kuwa, me ya sani game da shi?

Sai dai alƙalai sun tsananta. Ba abin da ya faru suke dubawa ba, abin da zai iya faruwa suke dubawa, komai nisansa. A 1787 an rushe wata kyauta ga 'ya'yan wasu ma'aurata masu suna Jee, bisa cewa matar, mai shekara 70, za ta iya sake haihuwa. 'Ya'yan suka rasa rabonsu saboda ƙanwar da ba za a taɓa haifa ba. Har yau abin yana ba ni takaici. Sai a 1964 aka gyara, aka ce a jira a ga abin da ya faru tukuna.

Abin da za ka tarar a Ingila yanzu ya sauya sosai. Dokar 1925 ta bar mallaka iri biyu kacal a gaban doka, dindindin da hayar ƙayyadaddun shekaru. Iya rai da ragowa suna nan, amma a ƙarƙashin amana: amintattu ke riƙe da gidan, suna iya sayarwa in buƙata ta taso, haƙƙin matar da na ɗan ya koma kan kuɗin. Dokar 1996 ta hana ƙirƙirar sabon ɗaurin zuriya, ta 2009 kuma ta sa wa ɗaure dukiya wa'adi ɗaya, shekara 125. A ganina wa'adin ya yi tsawo. A Amurka kuwa, jihar Bajiniya ta soke ɗaurin zuriya tun 1776 da ƙoƙarin Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, amma a 1983 Dakota ta Kudu ta soke dokar hana ɗaure dukiya ita kanta, wasu jihohi suka bi sahu, attajirai na kai amanarsu can don ta daɗe ba iyaka. Wannan ɓangaren nake so ka tambayi malaminku ra'ayinsa, ka rubuto mini abin da ya ce.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.