Me zai kai koci gaban mai duba aikinsa?

Ɗana, ka tambaye ni: tunda ka samu takardar shaida, kuma waɗanda kake horarwa kan harkar aiki da rayuwa suna yabonka, me zai sa ka riƙa kai aikinka gaban wani ya duba? Kana kuma tsoron kada hakan ya zama tona asirin waɗanda suka amince da kai.

Yabonsu bai isa awo ba. Mutum yakan tashi daga zamanku cike da murna, alhali kai ne ka yanke masa shawarar da ya kamata ya yanke da kansa. Ka ɗauki wanda ke zuwa yana kukan shugabansa a ofis. A zama na farko kana tambaya, yana tunani. Kafin wata ya zagayo kai ma ka fara jin haushin shugaban da ba ka taɓa gani ba, tambayoyinka duk sun karkata ga ya ajiye aikin. Da wuya ka lura, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai duba aiki zai saurari labarin, ya ce maka: wannan haushin, naka ne ko nasa? Wannan tambaya kaɗai takan gyara zaman da ke gaba.

Brigid Proctor, masaniyar harkar duba aikin masu ba da shawara, ta ce wannan dubawa amfaninta uku ne: tsare ƙa'idar sana'a, ƙara ƙwarewa, da sauke nauyin da koci ke kwasa daga damuwar mutane. Na ukun ne matasa suka fi rainawa, ni kuwa shi na fi ji muku, domin gajiyayyen koci ba ya saurare, jira kawai yake a gama magana ya faɗi tasa.

Amma kada ka je wa mai duba aikin hannu rabbana. Wani masani ɗan Amurka, Donald Schön, ya bambanta, a 1983, tunanin da ƙwararre ke yi yana tsakiyar aiki da wanda yake yi bayan ya gama. Na biyun ne ke kaifafa na farkon. Da an tashi daga zama da wanda kake horarwa, kafin ka taɓa waya, rubuta inda ka katse mutumin, inda shirunsa ya dame ka har ka cike shi da surutu, da tambayar da ka ji nauyin yi. Labarin kanka za ka rubuta, nasa ka riga ka sani.

Batun asiri kuwa, tun a yarjejeniyar farko ka shaida wa wanda kake horarwa cewa kana kai aikinka a duba, ba tare da sunansa ko na wurin aikinsa ba. EMCC, ƙungiyar masu aikin koci ta Turai, tana son a yi zaman dubawar aƙalla sau ɗaya a wata uku. Kai da kake farawa, ka yi fiye da haka, kuma ka nemi wanda ya koyi aikin dubawar, wanda albashinka ba ya hannunsa, don ka iya faɗa masa gaskiya. Ranar da ka ga damuwar wani ta wuce ta aiki, ta fara kama da ciwon da ke buƙatar likita, kira mai duba aikinka a ranar, kada ka jira zamanku.