Kar ki tura masa kundayen kotun nan, 'yar'uwa

Salamu alaikum, 'yar'uwa. Tambayarki ta hana ni sukuni, don abin da kike tsoro ni ya riga ya same ni. Kin ce an karɓi maƙalarki kan gadon matan da mazansu suka rasu, za ki gabatar da ita a taron masana kan doka a ƙasashe masu addinai da al'adu daban-daban. Kin ce farfesan da zai yi miki sharhi ya rubuto yana neman kwafin shari'o'in da kika tattaro daga kotuna, wai don ya shirya, kuma kina fargabar a tsare ki da tambayar haddi. To maƙalar ki tura masa, haƙƙinsa ne ya karanta ta tun da wuri. Amma kundayen kotu, ko shafi ɗaya kar ya fita daga hannunki.

Ni ma kan gado na yi nawa aikin. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin magatakardan kotu yana roƙon a buɗe masa tsofaffin kundaye ya san abin da nake nufi: ƙura, rubutun hannun da ba ya karantuwa, shafukan da gara ta ci, yau a ce mai makulli bai zo ba, gobe a ce sai alƙali ya sa hannu. A haka na haɗa abin da na haɗa, na bi wasu daga cikin matan har gida suka ba ni labarinsu, wasu suna yi suna kuka. Da na je wani taro irin wannan, mutumin da aka sa ya yi mini sharhi babban farfesa ne, wanda mu duka muka karanta rubuce-rubucensa muna ɗalibai. Na yi murna sosai. Na gama gabatarwa, ya tashi, wallahi bai taɓa ko layi ɗaya daga abin da na rubuta ba. Lokacin da aka ba shi kaf ya ƙarar da shi a kan jifa da yanke hannu. Sannan ya juyo ya dube ni a gaban cikakken zaure ya ce, shin mutumin da ya yi imani da doka zai iya nazarinta kuwa, ko dai kare ta kawai zai yi? Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shugaban zaman ya duba agogo ya ce in amsa a taƙaice. Bakina ya bushe, hannuna na rawa a kan takarda, na ji kamar ba mai bincike ce a tsaye ba, wadda ake tuhuma ce. Har yau idan na tuna yadda wata baiwar Allah a layin gaba ta sunkuyar da kai don jin kunyar abin da ake yi mini, sai zuciyata ta yi zafi. Da na koma masauki na yi kuka sosai, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa bayan nan ya zo. Da aka fita hutu, mutumin nan ya same ni da fara'a, ya ce kar in ɗauki abin da zafi, haka al'adar ilimi take, kuma bayanan da na tara ba su da na biyu, in ba shi mu yi rubutu tare. Ina ƙaramar malama, ga babban suna yana neman haɗa aiki da ni, na ba shi. Ya amsa saƙona na farko, daga nan shiru. Ana nan sai ga babi a wani littafin da aka tattara maƙalu, da shari'o'ina a ciki, har da maganar wata tsohuwa da ta faɗa mini a ɗakinta bisa amanar ba zan bari a gane ta ba. Sunana yana can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, ana gode mini da "taimako wajen tattara bayanai". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ya juya maganar matan ta koma hujjar abin da ya riga ya yanke tun kafin ya gan su. Na rubuta wa editocin, suka ce mu sasanta tsakaninmu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe amanar tsohuwar nan ba, don ba tawa ba ce balle in yafe.

Saboda haka in yana son aiki da ke, a rubuta: sunan wa zai zo farko, wa ke riƙe da bayanan, me za a buga, me ba za a buga ba. Ki sa malamin da ke duba aikinki a cikin kowane imel. Ki ce masa izinin da kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ki bai haɗa da miƙa wa wani kundayen ba, in dai haka takardarki ta ce, kuma ki je ki duba ta yau. In da hali ma ki tura maƙalar wata mujalla kafin ki tafi, ko don a san ranar da ta fito daga hannunki.

Batun haddi kuma, za a yi miki tambayar, ki sa a ranki. Kar ki yi fushi, kar kuma ki shiga wa'azi. Ki ce maƙalarki kan gado take, sannan ki ba da amsa gajera mai hujja. Misali, da yawansu sun san an yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, amma kaɗan ne suka san cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ce ta sallame ta a watan Satumba na 2003, da hujjoji daga cikin fiƙihun kansa, har da haƙƙin janye iƙirari da batun kwantaccen ciki. Ki faɗi wannan, ki dawo kan matanki da gadonsu. Kar ki yarda a mai da ke wakiliyar addini guda a zaure. Ba wanda ke tambayar masanin Faransa ya kare duk abin da ƙasarsa ta taɓa yi kafin a saurari maƙalarsa.

Abin da ya ɗaga ni daga baya shi ne karanta shari'o'in wasu ƙasashe, don a nan na gane rikicin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Ki nemi shari'ar Molla Sali da ƙasar Girka, ta dace da aikinki ƙwarai. Musulmi ne ɗan Girka ya rubuta wasiyya bisa dokar ƙasa ya bar wa matarsa duk dukiyarsa. 'Yan'uwansa mata suka kai ƙara, babbar kotun ƙasar ta ce shari'ar Musulunci ce ke aiki a kansa tunda yana cikin Musulmi 'yan tsiraru, matar ta rasa kashi uku cikin huɗu. A watan Disamba na 2018 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce an nuna mata bambanci. Kin ga tambayar a nan ita ce: wa ke zaɓar dokar da za a yi wa mutum hukunci da ita, shi ko ƙasa? Kenya ta amsa ta tata hanyar. Sashe na 170 na kundin tsarin mulkinta na 2010 ya taƙaita hurumin kotunan Kadi ga aure da saki da gado da makamantansu, kuma sai duk ɓangarorin Musulmi ne, sun kuma amince su je. A Afirka ta Kudu, shari'ar Bhe ta 2004 ta soke ƙa'idar al'ada da ke ba namiji kaɗai gado, bayan an hana wasu ƙananan 'yan mata biyu gadon gidan mahaifinsu an ba kakansu. Kotun Ƙolin Najeriya ta yi irin wannan a shari'ar Ukeje a 2014, kan al'adar da ke hana 'ya mace gadon uba. Waɗannan biyun babu ruwansu da Musulunci ko kaɗan, kuma ki tuna musu haka cikin ladabi.

Su kansu masu yi mana kallon matsala ba su warware tasu ba. A lardin Ontario na Kanada, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan Musulmi su riƙa sasanta rikicin iyali bisa addininsu, gwamnati ta sanar a 2005 cewa ta rufe ƙofar ga kowa, har da Yahudawan da suka daɗe suna amfani da ita. A Ingila, Rowan Williams yana shugaban cocin ƙasar ya yi lacca a 2008 kan ko dokar ƙasa za ta iya ba wasu ɓangarorin shari'a wuri, aka yi masa caa, har da masu cewa ya sauka. Indiya kuwa tun shari'ar Shah Bano ta 1985, kan ciyar da tsohuwar da mijinta ya saka, take fama da wannan muhawara, har majalisa ta yi sabuwar doka a 1986 don ta rage ƙarfin hukuncin.

Wani abu kuma, za su tambaye ki wane irin taruwar dokoki kike nufi, wato zaman tsarin doka fiye da ɗaya a ƙasa guda. Tun maƙalar masanin doka John Griffiths ta 1986 suke raba shi biyu: wanda ƙasa ce ta amince da dokar addini ko ta al'ada a kotunanta, da wanda mutane ke bin nasu tsarin ko ƙasa ta sani ko ba ta sani ba. Ki shirya amsa. Ni a nawa binciken na biyun ne ya fi cutar da mata, don yawancin gado ba ya ma isa gaban alƙali. Matan da na zanta da su ba su yi kuka da tumunin takaba ba. Kukansu shi ne ba a ba su tumunin ba: ƙanin miji ya riƙe takardun gida, an ƙi raba gona shekara da shekaru, an yi wa dukiya kuɗi a bayan idonsu, an ce mace mai kunya ba ta kai dangin mijinta ƙara. Idan abin da kika gani ke nan, ki faɗe shi yadda yake. Idan kin ga alƙalin da ya yi sakaci, shi ma ki faɗa ba tare da kama suna ba.

A nan ne ma za ki sha wani zafin, don ni da na dawo, wani abokin aiki ya tare ni ya ce na je na tona asirinmu a gaban baƙi don a ba ni tallafin bincike. Can an ce ina kare addini, nan an ce ina sayar da shi. Wannan ta fi yi mini ciwo fiye da ta farfesan, don shi wannan ya san ni, ya san gidanmu, muna gaisawa kullum. Na ce masa matar da aka hana haƙƙin da Allah ya yanka mata, yin shiru a kanta ba kare addini ba ne. Har yau ba ma sakin jiki da juna.

Kar duk wannan ya sa ki fasa zuwa, don Allah. A taron nan dai na haɗu da wata malama daga Malesiya, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1988, wanda ya hana kotunan ƙasa shiga hurumin kotunan shari'a, da irin wahalar da iyalai ke sha idan ɗaya daga cikin ma'aurata ya musulunta, a rasa kotun da za ta saurari su biyun. Har yanzu muna karanta wa juna aiki. Ki nemi irin waɗannan, 'yan Indonesiya da Lebanon da Indiya da Kenya, ki zauna da su lokacin hutu maimakon bin manyan sunaye. Ki kuma roƙi shugaban zamanku tun kafin a fara ya ba ki lokacin amsa daidai da na mai sharhi, ni ba a ba ni ba.

Ki canza sunayen matan da duk wata alama da za a gane su da ita, har a allon da za ki nuna, don mutane na ɗaukar hoto da waya. In kina so, ki turo mini maƙalar ta akwatin sirri in karanta, in jero miki tambayoyin da nake ganin za su yi miki, mu gwada amsa su tare kafin ranar. Allah ya ba ki sa'a, ya kare ki daga sharrin masu cin gumin wasu.