Wata 14 Yana Jiran Tiyata: Laifin Magani Kyauta Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Yayana yana zaune a Ingila, wata 14 ke nan yana jiran a yi masa aikin ƙugu a asibitin gwamnati, yanzu har da sanda yake tafiya. Ni a ganina maganin da ake cewa kyauta ne bai da amfani in sai mutum ya gurgunce kafin layi ya zo kansa. Ashe ba gara kowa ya biya kuɗinsa a yi masa aiki nan take ba? Wa ya kamata ya ɗauki nauyin tiyata, gwamnati ko mai ciwo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yayanki lafiya. Ciwon ƙugu ba abin wasa ba ne, yana hana barci, yana hana sana'a, kuma duk watan da aka ƙara ana jira naman cinya na ƙara raguwa, abin da ke jinkirta warkewa bayan aiki. Kina da hujjar ɓacin rai.

Sai dai magani kyauta babu shi a ko'ina. Hukumar NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya da aka kafa a 1948, da harajin jama'a take tafiya. Yayanki ya daɗe yana biya, a hankali ake cira daga abin da yake samu, shi ya sa ba a tambayarsa ko sisi a bakin ɗakin tiyata. Kuma yana bin hukumar bashi, domin ƙa'idarta ita ce kashi 92 cikin 100 na marasa lafiya su fara samun magani cikin mako 18 daga ranar da aka tura su wurin ƙwararren likita. Rabon da a cika wannan alkawari tun 2016. A watan Satumba na 2023 jerin jiran ya kai kusan miliyan 7.7.

To me ke jawo layin? Mutane kan ɗauka likitan fiɗa ne ya yi kaɗan. Sau da yawa yana nan tsaye, ya wanke hannu, abin aiki ne babu. Na sha ganin haka a wani asibiti da na yi aiki: dattijo ya daina ci da sha tun tsakar dare, an sa masa rigar tiyata, an zana alama a ƙafar da za a yi wa aiki, yana kwance a kan gadon turawa. Ƙarfe goma sha ɗaya sai a zo a ce ya tashi ya sa kayansa. Dalili? An kawo wanda ya yi hatsari ya shiga ɗakin, ko kuma gadon da zai kwanta bayan aiki akwai wata tsohuwa a kai da ta warke tun mako biyu amma ba wanda zai kula da ita a gida. Aiki ɗaya yana bukatar likitan sa barci, ma'aikatan jinya, jini, kayan da aka tsabtace da gado. Ɗaya ya yi rashi, sauran duk sun tsaya.

Dubi batun gado kawai. Birtaniya ba ta kai gado 3 ga kowane mutum 1,000 ba, Jamus kuwa tana da kusan 8. A Jamus ma ba mai ciwo ke zaro kuɗi ranar aiki ba, inshorar dole ce da ta samo asali tun 1883 zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa na zubawa. Amma jiran can bai kai na Ingila ba ko kusa. Ingilar kanta ta taɓa gwadawa: a shekarun 2000 da aka ƙara wa NHS kuɗi sosai, jiran da kan kai wata 18 ya sauko zuwa mako 18 a wajen 2008. Tsarin biya ta haraji bai sauya ba, kuɗi da ma'aikata aka ƙara.

Yanzu ga shawararki ta kowa ya biya nasa. Gaskiya ne layi zai gajarta, amma ki tambayi kanki ina mutanen da suka fita daga layin suka tafi. Gida suka koma da ciwonsu. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a aikin nan, domin mai jira a layi akwai sunansa a takarda, ana ƙirga shi, 'yan jarida na rubutu a kansa, 'yan majalisa na jin kunya. Wanda aka faɗa wa kuɗin aiki ya sunkuyar da kai ya ce "bari in je in dawo" ba wanda ke ƙirga shi. Na tuna wani magidanci mai ƙaba, aikin da bai wuce awa ɗaya ba a lokacin. Ya tafi neman kuɗi. Bayan watanni aka kawo shi cikin dare hanji ya murɗe, sai da aka yanke wani sashe, ya yi makonni a kwance, iyalinsa suka sayar da abin da ya ninka kuɗin farko. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai inganci a lokacin da suke bukata, kuma wajen miliyan 33 ne kuɗin aiki ke karya tattalin gidansu duk shekara. Hatta Amurka, wadda ke kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan lafiya, tana da sama da mutum miliyan 25 da ba su da inshora.

Ra'ayina a fili yake: jama'a ne gaba ɗaya ya kamata su biya, tun suna da lafiya, a tara a asusu ɗaya, ko ta haraji ko ta inshorar dole, mai hali ya zuba fiye da marar hali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wanda ya san ranar da wuƙar likita za ta hau kansa, kuma ranar da mutum ke kwance ita ce ranar da ba ya iya nema. Gwamnati kuwa wajibinta ne ta zuba abin da zai isa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa.

Asibitoci masu zaman kansu fa? Ban ce a hana mai kuɗi ya sayi aikinsa ba. A 2005 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa lardin Kebek ba zai hana mutane inshorar kansu ba alhali ya bar su cikin dogon jira, kuma ɗaya daga masu ƙarar mutum ne da ya jira aikin ƙugu kamar yayanki. Abin lura shi ne likitocin ɗaya ne. Wanda ya wuce asibitin kuɗi da yamma, daga na gwamnati ya fito, don haka in ba a ƙara horar da ma'aikata ba, layin marasa hali ne zai ƙara tsawo.

Shi kuma yayanki kada ya zauna shiru. Tunda ya wuce mako 18, yana da damar neman a duba masa wani asibitin da layinsa ya fi gajarta, har da masu zaman kansu da ke yi wa NHS aiki ba tare da ya biya ba. Ya koma wurin likitansa na unguwa ya bayyana cewa yanzu da sanda yake tafiya, da yadda ciwon ke hana shi barci da aiki, a rubuta wa asibiti, domin ana iya matsar da mutum gaba in jikinsa ya tsananta. Ya kuma kira ofishin likitan fiɗar ya ce a sa shi cikin waɗanda za a iya kira ko da kwana ɗaya ne ya rage, in wani ya fasa zuwa.