Gida ɗaya, baƙi biyu: in sayi manhaja ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidaje uku a Gwarinpa, Abuja, na zuba musu kaya ina ba da hayar kwanaki, wato shotlet. Mutane suna nema ta WhatsApp da Instagram, biyu daga cikin gidajen kuma na sa su a Airbnb da Booking.com, shafukan intanet da baƙi ke kama masauki. A Babbar Sallar da ta wuce na ba iyali biyu gida ɗaya a rana ɗaya, na sha kunya, na kuma mayar da kuɗi. Ƙanena ya ce in sayi manhajar da ke tafiyar da komai. Za ta ci kuɗinta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu je ga manhaja, ki tuna min abu ɗaya: iyalan nan biyu ta wace ƙofa suka shigo? Idan duka ta waya ne, ke kin amsa wa ɗaya, yaronki ya amsa wa ɗaya, to ba manhajar da za ta cece ki, domin ita abin da aka rubuta mata kawai ta sani. Kalanda ɗaya kike buƙata, wadda ke da duk mai amsa waya kuke gani tare. Google Calendar kyauta ce, ki ba kowane gida launinsa. Sai doka: wanda bai ba da kafin alƙalami ba bai kama gida ba, ko ɗan ɗakinku ne. "Ki ajiye min, zan turo" ita ke haifar da yawancin irin wannan rigimar. Kuma kada hoton rasit ya ruɗe ki, ki buɗe asusun ki ga kuɗin da idonki, don alat na bogi ya yi yawa.

In kuwa ɗaya ta Airbnb ya zo ɗaya ta Booking.com, ƙanenki yana da gaskiya, ko da rabi. Shafukan biyu suna ba da damar haɗa kalandarsu kyauta ta hanyar da ake kira iCal, sai dai ba nan take suke sanar da juna ba, akan ɗauki sa'o'i. A watan da kasuwa ta yi sanyi wannan ba komai ba ne. A makon Sallah ko Disambar 'yan biki, cikin sa'o'in nan ake sayar da dare ɗaya sau biyu. Manhajoji irin su Smoobu, Lodgify, Beds24 da Hostaway suna jone da shafukan kai tsaye: da an kama gida a nan, sai ranar ta rufe a can. Suna tattara saƙonnin baƙin shafukan wuri ɗaya, suna kuma aika kwatancen gida da ka'idojinsa da kansu.

Ga inda nake so ki tsaya ki yi lissafi. Kuɗinsu da dala ko yuro ne, duk wata ko duk shekara, yawanci bisa adadin gidaje, alhali ke naira kike karɓa, kin kuma ga yadda ta faɗi tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Akwai kuma abin da masu tallar ba su cika faɗa ba: Airbnb kan ɗora wa mai gidan da ya jona manhaja dukan la'adar da shafin ke karɓa, kusan kashi 15 cikin 100, maimakon tsarin da mai gida ke biyan kashi 3 baƙo ya biya saura. Idan naira 60,000 kike so ta shigo hannunki a dare, sai kin rubuta wajen 70,600. In kika manta da wannan gyaran, sai ki wayi gari kina yi wa wasu aiki.

Ni dai a gida uku, in akasarin baƙinki ta waya suke zuwa, ba zan saya yanzu ba. Ki koma WhatsApp Business, ki tanadi amsoshin da kike maimaitawa kullum: farashi, akwai janareta ko sola, ƙarfe nawa ake fita, nawa ake ajiyewa saboda ɓarna. Ki yi wa kowace hira laƙabi, masu tambaya daban, waɗanda suka biya daban. Duk wanda ya biya ta waya, ki rufe ranarsa a Airbnb da Booking.com kafin ki tashi daga wurin, ba sai bayan sallar isha'i ba.

Sannan ki ɗauki littafi, wata uku kina rubuta ta inda kowane baƙo ya zo. Idan rabi ko fiye daga shafukan nan ne, ko kin ƙara gidaje har kalandar ta fara gagarar ki, ki ɗauki ɗaya daga cikin manhajojin da ke ba da kwanakin gwaji kyauta, ki tabbatar katinki na banki zai iya biyan ta. Ki gwada da gida ɗaya tak, a wata mara cunkoso kamar Satumba, yaron da ke amsa waya yana zaune kusa da ke.