Tambaya da Amsa: Ƙanena Ya Zuba Kuɗin Riɗinmu a Cacar Ƙwallo ta Waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Taura a Jihar Jigawa. Da kaka muka aiki ƙanena, wanda shekarunsa ba su wuce 22 ba, ya kai riɗin gandunmu kasuwar Gujungu. Da ya dawo ya ce kuɗin suna cikin asusunsa na waya, zai ciro su idan za a sayi takin noman rani. Da lokacin ya yi sai ya fara kame-kame, daga baya ya amsa mini cewa beti ya buga da su, kuma mai POS na garinmu ma yana bin sa bashi. Ya rantse mini ya daina, amma ba a jima ba na sake kama shi. Cewa yake wannan ba caca ba ce, sanin ƙwallo ne, kuma idan na ƙyale shi zai dawo da kuɗin. Inna tana zaton jifansa aka yi, Baba kuwa bai sani ba har yanzu. In biya bashin in rufa masa asiri, ko in faɗa wa Baba? Kuma me ya sa yaro mai hankali, mai salla, ya kasa barin abin da yake gani yana cinye shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kan ɗan'uwanka, ya kuma mayar muku da abin da kuka rasa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin sai an fahimci abin da ya kama yaron sannan shawarar da za a ba ka za ta yi amfani.

A da, mai son caca sai ya nemi kango ko bayan gari, ya zauna da 'yan karta, yana tsoron kada wani dattijo ya gan shi, kuma idan kuɗin aljihunsa suka ƙare dole ya tashi. Kunya da nisa da ƙarewar kuɗin hannu su ne suke taka wa mutane burki. Waya ta kawar da su duka. Tun da NairaBet ta fara karɓar beti ta intanet a 2009, Bet9ja ta biyo a 2013, sannan irin su BetKing da SportyBet suka shigo, harkar ta samu hanya a share: wayoyi masu arha sun isa ƙauyuka, asusun waya ya sa ana tura kuɗi cikin daƙiƙa, masu POS sun zauna a kowace kasuwa, gidajen kallon ƙwallo kuma sun riga sun sa samarinmu sun san 'yan wasan Ingila da Sifaniya fiye da yadda suka san hakiman ƙasarsu. Yaro yana kwance a ɗakinsa, Baba yana zaure yana lazimi, kuɗin buhunan riɗi suna fita ba wanda ya ji motsi. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka harkar ta bazu ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 da ya ba jihohi damar halatta ta, a Ingila kuwa illar ta kai har ƙungiyoyin gasar Firimiya suka amince a 2023 su cire tallan kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26.

Maganar sanin ƙwallo ina so ka zauna da shi ku yi lissafinta da alli, tunda koyarwa ce sana'arka. Ka ɗauka akwai wasan da ɓangarorin biyu ƙarfinsu ɗaya, wani ya sa naira 1,000 a kan wannan, wani ya sa 1,000 a kan wancan. Da adalci ake bi, wanda ya ci 2,000 zai karɓa. Amma kamfani yakan sa lambar ninkin da samari ke kira od a kan kamar 1.90, ya biya 1,900, ya riƙe naira 100 ko wace ƙungiya ce ta yi nasara. Wannan ragin yana cikin kowane wasa, kuma idan yaro ya jera wasanni goma a tikiti ɗaya, ragin ma ninkuwa yake yi, har a bisa wannan misali ya kai kusan naira 40 cikin kowace 100 da aka zuba. Sannan ko da ƙanenka gwani ne da hasashensa ke dacewa sau bakwai cikin goma a kowane wasa, damar da wasanni goman za su dace gaba ɗaya ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Kamfanonin suna da ma'aikata da kwamfutoci da ba su da aiki sai auna waɗannan lambobi dare da rana, shi kuma abin da yake da shi kallon gidan bol ne da hirar majalisa. Akwai ma wasannin da ba 'yan ƙwallo a cikinsu sam, kwamfuta ce ke ƙirƙirar su tana ƙare kowane zagaye cikin 'yan mintuna, kuma a nan ba wani sanin ƙwallo da za a fake da shi. Ka duba tarihin asusunsa, zai yi wuya ka ga ba nan mafi yawan kuɗin suka tafi ba.

Me ya sa ya kasa bari bayan ya rantse? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin kundinta na cututtuka, a sashe ɗaya da jarabar kayan maye, domin yadda take kama ƙwaƙwalwa ya yi kama da nasu. Alamominta su ne waɗanda ka lissafa da bakinka: mutum ya kasa tsayawa ko da ya yi niyya, ya fifita ta a kan aikinsa da iyalinsa, ya yi ƙarya don ya ɓoye, ya ci bashi, kuma ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Mafi muni a cikinsu ita ce bin asara, wato komawa don a dawo da abin da aka rasa, kuma ita ce ainihin maganar da ya faɗa maka. Nasarar da ke zuwa jefi-jefi ba tare da an san ranarta ba ta fi riƙe zuciya fiye da wadda aka saba da ita, haka kuma tikitin da wasa ɗaya ya yanke yakan bar yaro da jin cewa saura ƙiris, alhali a lissafi asara ce cikakkiya. Wani kwamitin masana da mujallar lafiya ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2024 inda ya ƙiyasta cewa manya kusan miliyan 80 a duniya suna fama da wannan ciwo, ya kuma nuna cewa a cikin masu betin wasanni matasa sun fi manya faɗawa. Ina faɗin wannan ne ba don in wanke shi daga laifin cin amanar gandu ba, laifi ya yi. Sai dai faɗa da rantsuwa kaɗai ba sa maganin abin da ya riga ya zama ciwo.

Ta fuskar addini babu ruɗani. Duk abin da za a sa kuɗi a kan sakamakon da ba a sani ba, wani ya ci wani ya rasa, caca ce, ko da karta aka yi ko da ƙwallo. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubin giya da caca ya fi amfaninsu girma, ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida kuma suka hana su, suka ambaci gaba da ƙiyayyar da suke haddasawa da yadda suke kange mutum daga ambaton Allah da salla. Inna kuwa ka lallashe ta ta ci gaba da yi masa addu'a, ita ce ma ta fi kowa cancantar yi, amma kada a kwashi ɗan abin da ya rage a kai wa masu cewa za su karya jifa. Abin da ya same shi yana da sanadi bayyananne, yana cikin wayarsa.

Kada kuma ka jira hukuma ta yi maka aikin. A watan Oktoba na 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan beti kusan 30, a Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar. Wannan ya ƙarfafa hannun jihohi irin Kano da Jigawa, kuma abin a yaba ne, amma kwaɗon da aka sa wa shago bai kai ga manhajar da ke aljihun yaro ba.

Ra'ayina shi ne ka faɗa wa Baba. Kuɗin gandu haƙƙin gida ne, kuma wannan ciwo a ɓoye yake girma. Ka zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ka shiga tare da wani kawu ko limamin da yake jin maganarsa, ka roƙe shi tun farko kada a yi duka, kada a yi kora, kada kuma maganar ta fita majalisa. Rufin asiri daga mutanen gari daidai ne, ɓoye wa mai gida kuwa taimakon cutar ne. Bashin mai POS haƙƙi ne da dole a sauke, amma kada ka biya a asirce, kada kuma ka miƙa wa yaron kuɗin ya kai. Ku je tare, a rubuta adadin, a roƙi mutumin ya daina ba shi rance, sannan a tsara yadda ƙanenka zai biya da guminsa, ko da daga aikin noman rani ne kaɗan-kaɗan. Wanda aka share wa bashi cikin dare ɗaya yakan wayi gari da damar cin sabo. Ku tambaye shi kuma ko ya karɓi rance a manhajojin ba da bashi, domin ruwan da suke ɗorawa yana da yawa kuma sukan bi 'yan'uwa da kira.

Bayan haka a raba shi da hanyar kuɗi na wasu watanni, da yardarsa idan ta samu. Kada a sake aiken sa kasuwa da amfanin gona shi kaɗai, katin cirar kuɗinsa ya zauna a hannunka, ku rufe asusun betin tare ta hanyar neman kamfanin ya toshe shi, ba goge manhajar kawai ba, in ya yiwu ma ya koma ƙaramar waya marar intanet. Ranakun Asabar da Lahadi da daren wasannin Turai su ne lokacin haɗari, a sama masa abin yi a cikinsu. Idan ya sake zamewa kada ku ɗauka komai ya rushe, hakan yana faruwa ga masu jinyar kowace jaraba, a koma kan tsarin. Idan kuwa ka ga ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada ka kwana: masu wannan ciwo suna cikin haɗarin kashe kai fiye da sauran mutane. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai kuma sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne daga yankin Kura. Naira 100 kawai nake sawa a ƙarshen mako don kallon ya yi daɗi. Wannan ma akwai matsala?

AMSA: Ɗana, hukuncin caca bai rataya a kan yawan kuɗi ba, kaɗan ɗinta da mai yawanta duk haramun ne. Ta fuskar lafiya kuma, gaskiya ne ba duk mai sa naira 100 ne ke zama majinyaci ba, amma kamfanonin sun saukar da mafi ƙarancin kuɗin shiga ne domin irinka su saba, kuma wanda ya fara da ƙuruciya ya fi shiga haɗari. Ka buɗe tarihin asusunka ka tara duk abin da ka zuba tun farko, ka cire abin da ka karɓa, sannan ka gwada kallon wasannin wata guda ba tare da tikiti ba. Idan ka ji kallon ya zama lami, ko hannunka yana kai wa waya ba da niyyarka ba, to ka rufe asusun a ranar, ka kuma sanar da wani babba da ka amince da shi.