Tsohon kati mai ƙarfi ko sabo ɗan madaidaici: wanne zan sa wa kwamfutar gem ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur da nake buga gem da ita: furosesa Core i5-8400, RAM mai GB 16, akwatin wuta mai wat 450, sikirin 1080p. Katin hoton da ke ciki GTX 1060 ne mai GB 6, kuma ya fara gazawa a sababbin wasanni. Abin da na tara zai iya sayo mini ɗaya cikin uku: GTX 1080 Ti na hannu, ko RTX 3060 mai GB 12 shi ma na hannu, ko RTX 4060 sabo dal a kwali. Abokina ya dage sai in ɗauki 1080 Ti, wai da tsohuwar zuma ake magani, kuma ma'ajiyarsa mai GB 11 ta fi ta 4060 mai GB 8 ko a gaban wa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka lissafo sauran kayan kwamfutar, domin da sunayen katunan kawai ka turo, da amsar ta zama ta canki-canka. Kati ba shi kaɗai yake aiki ba, kuma a naka lamarin wannan wat 450 ɗin ya riga ya yanke rabin hukunci.

Bari mu fara ba abokinka haƙƙinsa. GTX 1080 Ti da ya fito a 2017 kati ne da ya yi suna, kuma ya cancanci sunan. Har yau idan wasan na tsohon salo ne, wanda ƙarfin zana hoto zalla yake nema, shi da RTX 3060 na 2021 kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, wani lokacin ma tsohon ya ɗan sha gaba. Kati mai shekaru haka ya riƙa gogayya da ƙannen bayansa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wat 250 yake ja shi kaɗai, kuma Nvidia da kanta akwatin wuta mai wat 600 ta ce a haɗa shi da shi. Katinka na yanzu wat 120 yake ci. Ka ɗora 1080 Ti a kan akwatinka, a rubuce lissafin zai yi kamar ya shiga da ƙyar, amma ranar da wasa ya yi zafi kwamfutar za ta iya ɗauke wuta ɗif ba sallama. Wato idan ka saye shi, sai ka ƙara da sabon akwatin wuta, arahar ta tashi a banza ke nan.

Ko da an warware maganar wuta, akwai abin da ya fi ta girma. Daga 2018, lokacin da jerin RTX 20 ya fito, katunan Nvidia suka fara zuwa da wasu sassa biyu da GTX ba shi da su sam: sashen da ke bin sawun haske, yana lissafa yadda haske ke faɗawa kan abu ya dawo, da sashen da ke tafiyar da DLSS, wata dabarar ƙara wa wasa sauri da zan yi bayaninta a gaba. A shekarun farko bin sawun haske ado ne kawai, in ka ga dama ka kunna, in ka ga dama ka kashe. Yanzu labari ya fara sauyawa. Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 duk sun sa shi sharaɗi, katin da ba shi da wannan sashe ba a lissafa shi cikin waɗanda za su buga su ba. Ba wai 1080 Ti zai ja su a hankali ba ne, ƙofar ce a rufe. Ga kuma maganar direba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki a kwamfuta: a Oktoban 2025 Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 10 direbobin da ake gyarawa don sababbin wasanni, sai gyaran tsaro kaɗai ya rage. Kai kuma sababbin wasannin ne suka sa ka neman canji tun farko. Tsohuwar zumar ba ta wannan ciwon ba ce.

Ina so ka yi hattara da lambobin da ke jikin kwali, don su ne suke ruɗar mutane. Dubi wannan: 1080 Ti yana da ƙwayoyin CUDA, wato ƙananan sassan da ke yin lissafin hoto, guda 3584, RTX 3060 shi ma 3584, RTX 4060 kuwa 3072. Wanda bai sani ba sai ya ce na ƙarshen ne rago, alhali a yawancin wasanni a 1080p shi ke gaba. Kowane zamani da irin ginin ƙwayoyinsa da saurin bugunsu, hatta yadda ake ƙirga su ya canza tun daga jerin RTX 30. Haka faɗin hanyar ma'ajiya: ta 1080 Ti tana wuce da GB 484 a daƙiƙa, ta 4060 GB 272 kacal. To ta yaya 4060 yake tsira? An sa masa wata 'yar ma'ajiyar kusa a cikin ƙwaƙwalwarsa mai MB 24, ta 1080 Ti kuwa ba ta kai MB 3 ba. Kamar makaniken da ya jera sifanonin da ya fi amfani da su a gefen ƙafarsa ne, ba sai ya tashi zuwa sito kowane minti ba. Don haka lambobin nan ba sa kwatantuwa sai tsakanin katunan zamani ɗaya. Tsakanin zamani da zamani, nemi gwajin da aka yi da ainihin wasan da kake bugawa, a girman sikirin irin naka.

Saura biyu ke nan, kuma a nan gizo ke saƙar.

RTX 4060 ya fi 3060 sauri, tazarar ba ta kai a yi mata biki ba amma ana ganinta. Wat 115 yake ci, ƙasa ma da katin da za ka cire, 3060 kuwa wat 170. Dukansu suna da DLSS, wato katin ya zana hoton a ƙarami sannan ya faɗaɗa shi da dabara har ya yi kusa da na asali, ka samu ƙarin sauri kusan kyauta. Abin da 4060 ya fi shi da shi a nan shi ne ƙirƙirar firam: yana cusa hoton da ya ƙirƙira tsakanin hotuna biyu na gaske. Lambar da ke kusurwar sikirin takan yi tsalle, motsi ya yi santsi a ido, amma hannunka ba zai ji wasan ya ƙara saurin amsa maka ba, domin hoton da aka cusa bai san ka danna komai ba. Kuma idan sikirinka mai Hz 60 ne, wato sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, amfanin abin kaɗan ne. Ba ka faɗi nawa ne naka ba, ka duba. Ni dai ban taɓa ba kowa shawarar sayen kati saboda wannan kaɗai ba.

Inda 3060 yake ramawa shi ne ma'ajiyar katin, wadda ake kira VRAM. A nan maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai bai ƙarasa ta ba. Yawan GB ba ya ƙara sauri. Idan wasa GB 6 yake buƙata, mai 8 da mai 12 duk ɗaya ne, sauran wurin zaman banza yake. Ranar da wasan ya nemi GB 9 ne bambancin ke fitowa, kuma ba ya fitowa da ladabi. Mai GB 8 zai fara kai kaya yana ɗebowa daga RAM ɗin kwamfuta, sai ka ga wasan yana i'ina, ka juya kyamara ya tsaya cak na ƙiftawar ido, ko bango ya zama kamar an shafa masa laka kafin zanensa ya iso. Wasu manyan wasanni na 'yan shekarun nan suna haura GB 8 ko a 1080p idan aka ƙure ingancin zane.

Wannan ya fi shafar ka fiye da wani, saboda madabod ɗinka, babban allon da ake soka kayan kwamfuta a jikinsa. Furosesa i5-8400 PCIe 3.0 yake da shi, wato tsohon tsarin hanyar da ke haɗa kati da sauran kwamfutar. RTX 3060 yana amfani da layuka 16 na ramin da ake soka kati, 4060 kuwa layuka 8 kawai aka ba shi, da tunanin za a sa shi a PCIe 4.0 mai ninkin sauri. A kwamfutarka hanyarsa za ta tsaya a wajen GB 8 a daƙiƙa, rabin ta 3060. Muddin ma'ajiya ba ta cika ba, da wuya ka lura. Idan ta cika, ta wannan siririyar hanyar kayan za su riƙa bi, i'inar ta ƙaru. Maganinsa bai da wuya: sauke ingancin zanen saman abubuwa daga matakin ƙoli zuwa na ƙasa da shi. A sikirin 1080p sai ka ƙura ido kafin ka ga bambancin.

Da ni ne a kujerarka, 4060 zan ɗauka. Dalilina wuta, garanti, da kuma cewa mafi yawan abin da za ka buga a 1080p zai fi gudu a kansa. Kafin ka biya, tambayi RTX 5060 na 2025, shi ma GB 8 ne da layuka 8, wat 145, kuma ya fi 4060 sauri. In tazarar kuɗinsu ba ta da yawa, shi ya fi. Amma idan kai mai son manyan wasannin labari ne da ƙure zane, ko kana ɗora wa wasa ƙarin kayan ado da 'yan wasa ke haɗawa, to 3060 mai GB 12 ba zaɓin banza ba ne. Ka dai tabbatar mai GB 12 ɗin ne, domin akwai 3060 mai GB 8 da aka fitar daga baya, an rage masa faɗin hanyar ma'ajiya, kuma bai kai wancan sauri ba. Katunan Intel Arc kuwa ka bar su tukuna, suna buƙatar wani tsari da ake kira Resizable BAR kafin su saki jiki, kuma madabod na zamanin naka ba kowanne ke da shi ba.

In ka karkata ga na hannun, kada ka saya da ka. Jerin RTX 30 ya faɗo daidai lokacin haƙar kuɗin kirifto, kafin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen, ta daina haƙa da katin hoto a Satumban 2022, kuma da yawansu sun yi watanni suna aiki dare da rana. Wannan kaɗai ba ya kashe kati, amma yana gajiyar da fanka. Na taɓa karɓar wani da mai shi ya rantse bai wahala ba. A waje tsaf yake, har da ledarsa. Minti goma da kunna wasa fanka ɗaya ta fara ƙara kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Da na kwance shi, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ya bushe ƙamas, yana ɓarewa kamar tsohon fenti. Don haka a soka katin a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka ga sunansa da yawan ma'ajiyarsa sun yi daidai da abin da aka ce maka. Kunna wasa mai nauyi ko FurMark, manhajar gwada juriyar kati, na minti ashirin zuwa talatin, idonka a kan zafi, kunnenka a kan fanka. Ɗige-ɗige masu launi, layuka a sikirin, ko hoto ya ɗauke ya dawo, duk alamar ka mayar da kuɗinka aljihu ce.

Wani gwaji kuma tun yau za ka iya yin sa, kafin ka kashe ko sisi. Sauke manhajar MSI Afterburner, ka sa ta nuna maka aikin kati da na furosesa a kusurwa yayin da kake wasan da ya fi ba ka haushi. Idan katin yana manne da kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne mai laifi, sabo zai kawo sauƙi. Idan kuwa yana shawagi a kashi 60 ko 70 alhali ƙwayoyin furosesa shida duk sun cika, to furosesan ne ya riƙe wuya, kuma sabon kati ba zai ba ka duk abin da ka biya ba. A wasannin da ke da cunkoson jama'a ko faffaɗar duniya, i5-8400 yakan fara haki.

Ranar sakawa, auna tsawon katin da cikin akwatin kwamfutarka, ka duba akwatin wutarka yana da fulogi mai fil 8, wanda yawancin 3060 da 4060 ke nema, domin 1060 da yawa mai fil 6 suke amfani da shi. Goge tsohon direba da manhajar DDU kafin ka ɗora sabo. Sannan leƙa bayan sikirinka: idan da wayar DVI ka haɗa shi da 1060, yawancin sababbin katuna HDMI da DisplayPort kawai gare su, sai ka tanadi wayar tun kafin katin ya iso.